Waƙar Ranar Talata

Corliss ta sa hannu a kan faifai na ɗari da wani abu, ta tura shi gaba ba tare da ta dubi mai shi ba, sai ta ji an ƙwanƙwasa teburin da kan sanda.

"Ɗago ki dube ni, 'yar nan. Ko Atlanta ta wanke miki ido ne?"

Gwaggo Eula ce, maƙwabciyarsu ta unguwar Orange Mound, wadda ta san su tun suna yawo ba takalmi. Hular zuwa coci ce a kanta ko da yake ranar Asabar ce.

"Haba Gwaggo! Ina wuni? Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda kika bar ta. Ungo, rubuta wa jikata, Shanice. Ita ta aiko ni, ni me zan yi da waƙar bariki?" Tsohuwar ta sunkuyo, ta rage murya. "Kin je wajen yayarki?"

Alƙalamin ya tsaya a hannun Corliss.

Layin mutane ya fita daga shagon kaset ɗin, ya bi ta gaban kantin takalma, ya kai har bakin titi, duk da zafin da ake yi a Memphis a watan Yuli. Kiana na zaune a damanta, Joyelle a hagunta, su ukun sanye da fararen kaya iri ɗaya. Su ne Ruwan Zuma, 'yan matan da a wannan bazara ta 1996 ba gidan rediyon baƙaƙen fata da ba ya sa waƙarsu. Mako goma sha ɗaya ke nan "Ranar Talata" tana tashe. Waƙar R&B ce mai sanyin kiɗa, irin wadda mata ke rerawa suna wanke-wanke, maza kuma su yi kamar ba su ji ba. Ko a lokacin ma ita ce ke fita daga lasifikar shagon, karo na tara tun safe:

Koriyar mota mai tsani a kai,
Fitilar hagu ta mutu tun bara,
'Yar'uwa, bar kukan, tambaye shi kawai:
Ina kake zuwa ranar Talata?

"Jiya da yamma muka iso, Gwaggo. Ban samu sarari ba tukuna."

"Uhm." Gwaggo Eula ta ɗage gefen hularta, ta juyo da kunnenta na dama. Akwai wani ɗan tabo baƙi a samansa. "Kin ga wannan? Ina zaune a shagon yayarki Danita ranar da aka fara sa waƙar nan a rediyo. Tana miƙar min da gashi da mataji mai zafi. Duk shagon muka ɗau ihu, ga muryar Corliss, ga muryar Corliss! Ita ma tana dariya har da hawaye. Sai kika zo wajen koriyar motar nan. Shekara goma sha huɗu tana min gashi, ba ta taɓa ƙona ni ba sai ran nan." Ta sauke hular. "S-H-A ne, ba C-H ba. Rubuta da kyau."

Corliss ta rubuta. Ta ji zafi ya taso mata daga wuya har tsakiyar kai, kamar an tuɓe ta a gaban layin nan gaba ɗaya.

Da aka tashi ƙarfe biyu, ta tare manajansu a bakin ƙofar baya ta ce za ta fita.

"Ƙarfe biyar za a gwada na'urori, bakwai ku hau dandamali," in ji Mista Pruitt yana duba agogo. "Garinku ne, mutum dubu shida sun sayi tikiti. In kika makara, ni da ke ne."

Ta ɗora rigar sanyi a kan fararen kayan duk da zafin, ta sa baƙin tabarau, ta tari tasi. Ba su yi nisa ba direban ya soma leƙenta ta madubi.

"Ke ce, ko? Ke ce ta tsakiyar! Kai, baiwar Allah, kin cuce mu. Ni motata rawaya ce, kowa na gani, amma matata ta ce in dai Talata ce sai na kira ta daga kowane gidan mai. Abokina Lamont kuwa koriyar mota gare shi, bawan Allah, sai da ya sake mata fenti." Ya yi ta dariya yana dukan sitiyari. "Wa ya ba ki labarin nan? Ko ƙirƙira kika yi?"

"Ƙirƙira ce," in ji ta, ta juya tana kallon waje.

Ba ƙirƙira ba ce. Danita ta girme ta da shekara goma sha ɗaya, kuma tun da mahaifiyarsu ta rasu, Corliss tana aji huɗu na firamare, Danita ce uwa, ita ce uba. Ita ta kai ta cikin mawaƙan coci, ita ta ɗinka mata rigar da ta fara hawa dandamali da ita. Da Danita ta auri Cleon mai fentin gidaje, da Corliss aka tare. Cleon kuwa bai taɓa nuna mata ba 'yarsa ba ce. Shi ke kai ta gasar waƙa a a-kori-kurarsa, ya jira ta a waje yana cin gyaɗa.

Shekara biyu da suka wuce Corliss tana aikin naɗe kaya a wani shagon wanki na titin Park. Ɗakin naɗin yana da taga ɗaya da ke kallon lungun baya. Wata Talata da ƙarfe biyu ta ga koriyar motar Cleon ta shigo lungun ta tsaya, tsanin fenti a ɗaure a sama. Har ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa gilashi, sai ta ga mace ta fito daga bayan kwandon shara da sauri, ta buɗe ƙofa ta shiga. Trenise ce, wadda ke aiki a kujera ta biyu a shagon Danita, wadda ta riƙe wa Danita fure ranar aurenta. Talata ta gaba ma haka. Da ta gaba.

Sau uku Corliss ta yi niyyar faɗa. Na farko Danita na fama da zazzaɓi. Na biyu ranar bikin zagayowar haihuwar 'yarsu ce. Na uku ta buɗe baki a kicin, Danita ta juyo da ludayi a hannu ta ce, "Mene ne, auta?" sai ta ji kanta tana cewa gishiri ya yi kaɗan a miyar. Wata bakwai tana haka. Abin da ta kasa faɗa sai ta rubuta shi a littafin waƙoƙinta, da tunanin wata rana za ta ajiye shi a buɗe inda Danita za ta gani. Ba ta ajiye ba. Ta tafi Atlanta da shi, Cleon ne ma ya kai ta tasha a motar.

A can mai haɗa musu kiɗa ya buɗe littafin, ya karanta shafin sau biyu, ya ce, "Wannan ce." Ta san tana iya mai da motar ja, ta mai da tsanin wani abu daban, ta mai da Talata Alhamis. Ta ma gwada. Amma "koriyar mota" ta fi hawa kan kiɗan, kowa a ɗakin ya ce haka, ita ma kunnenta ya ce haka. Ta bari. Ta ce wa kanta ai ƙila waƙar ba za ta je ko'ina ba.

Tun da waƙar ta fito sau biyu ta buga waya shagon. Duk biyun tana jin muryar Danita ta ajiye.

Shagon gyaran gashin Danita yana nan yadda ta bar shi, tsakanin mai sayar da soyayyen kifi da mai gyaran takalma. Tana tura ƙofa warin man gashi da ƙaurin mataji suka tarbe ta. Asabar ce, ba kujerar da ba kowa, mata uku na zaune a ƙarƙashin na'urar busar da gashi da mujallu a cinya.

"Wayyo Yesu, ga ta nan!"

"Ke Corliss, cire tabaran nan, mu ne muka share miki majina!"

"Dube ta, ta rame. Ba sa ba ku abinci a Atlanta?"

Aka yi ta rungumarta, ana shafa gashinta ana tambayar wanda ya yi mata, ana cewa bai kai na gida ba. Trenise ma ta zo, ta rungume ta da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da almakashi. Ta rame ƙwarai, wuyanta duk jijiyoyi. Ta ce, "Sannu da zuwa, tauraruwa," amma idonta na kan kafaɗar Corliss, ba a fuskarta ba.

Danita ba ta bar inda take ba. Tana shafa wa wata mata man miƙar da gashi, safar roba a hannunta, tana tsaga gashin layi-layi da bakin mataji.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya lau. Zauna, ina da kai a hannu."

Corliss ta zauna a kan benci kusa da ƙofa, inda yara ke zama in an zo da su. Wata ta miƙo mata shayi mai ƙanƙara a kofin roba, ta karɓa ta riƙe, ba ta sha ba. Hira ta koma inda take, ana maganar wani fasto da ya sayi sabuwar mota. Rediyo na kan kanta a tsakanin madubin Danita da na Trenise. Aka yi tallar katifa, aka yi tallar wasan yamma, sai mai gabatarwa ya ce ga 'yan gida nan, ga Ruwan Zuma.

Kiɗan ya fara. Hirar ta mutu a hankali, kamar an rage wuta a ƙarƙashin tukunya. Ba wadda ta dubi wata. Matar da ke kusa da Corliss ta ɗaga mujallarta har ta rufe fuska. Corliss ta jira wani ya tashi ya kashe, ko ya sauya tasha. Ba wanda ya motsa. Ta zauna tana jin muryarta tana cika shagon, mai daɗi, mai tsabta, tana lanƙwasa kalmar "Talata" yadda aka yaba mata a jaridu, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige da kofin a hannunta. Danita ta ci gaba da tsaga gashi. Trenise kuwa almakashinta na ta motsi a iska, sama da kan matar da take yi wa aski, ba ya yanke komai.

Minti huɗu da daƙiƙa goma ne tsawon waƙar. Corliss ba ta taɓa sanin suna da yawa haka ba.

Da ta ƙare, Danita ta cire safar hannu, ta ce wa matar, "Minti goma sha biyar. In ya fara cizo ki kira ni." Ta wuce ɗakin baya ba ta waiwaya ba. Corliss ta ajiye kofin ta bi ta, ta ja ƙofar.

Ɗan ɗaki ne, injin wanki a kusurwa, tarin tawul a kan tebur. Danita ta ɗauki ɗaya ta fara naɗewa.

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Da me?"

"Da waƙar."

"Waƙar me ta yi min? Waƙa ce mai daɗi. Wannan jan numfashin na ƙarshe ni na koya miki a coci, na ji kin yi shi daidai." Ta ajiye tawul ɗin, ta ɗauki wani. "Da me zan yi haƙuri?"

Corliss ta sunkuyar da kai tana kallon takalmanta farare.

"Kin san yadda na ji? Ina tsaye da mataji a hannu, shago cike, ina cewa ku ji ƙanwata, ku ji ƙanwata. Sai ƙanwata ta faɗa min motar mijina, da fitilarta, da tsaninta. Fitilar nan ni na yi ta ce masa ya gyara. Mata goma sha biyu ne a shagon nan ran nan, kuma kowacce ta san motar da ke ajiye ni da safe." Muryarta ba ta tashi ba. "Ran nan na zuba masa kayansa a baranda. Yana wajen uwarsa yanzu. Motar ma ya sayar, don yara na binsa a titi suna rera masa."

"Na yi ta son in faɗa miki. Na rantse, Yaya, sau uku na..."

"To faɗa min."

Corliss ta ɗago.

"Yanzu. Ba ganga, ba su Kiana a bayanki suna amshi. Kin faɗa wa Amurka kaf, saura ni. Buɗe baki ki faɗa min abin da kika gani, yadda ƙanwa take faɗa wa yayarta."

Corliss, wadda ta tsaya a gaban mutum dubu ashirin a Chicago ba ta ji ɗar ba, ta buɗe baki murya ta ƙi fita. Ta yi gyaran murya. Ta fara da tagar ɗakin naɗi, da lungun, da kwandon shara. Maganar tana fitowa guntu-guntu, ba tsari, ba daɗi. Ta faɗi watan da aka fara. Ta faɗi yawan Talatar da ta ƙirga kafin ta daina ƙirgawa. Ta faɗi ranar miya da gishiri. Ta faɗi yadda aka ce mata tana iya sauya launin motar, ta ƙi don ya fi hawa kan kiɗa. Wannan ne ya fi mata wuyar faɗa, kuma a nan ne Danita ta daina naɗe tawul na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

"Matar fa?" in ji Danita. "A waƙar ba ki ce komai a kanta ba."

Ta bayan ƙofa ana jin ƙarar na'urar busar da gashi, da dariyar wata. Corliss ta rage murya.

"Trenise ce."

Danita ta daidaita gefen tawul ɗin da tafin hannu, ta ɗora shi a kan 'yan'uwansa.

"Na sani."

"Kin sani?"

"Wa ke kai uwarta asibiti duk Talata da rana, shekara biyu, uwar da nake gani a kasuwa garau tana tura kwando? Kafin ki kai amshi na biyu na gama lissafi."

"Kuma kika bar ta a shagon? Tana nan kusa da ke kullum?"

"Ina za ta? In ta tattara almakashinta ta tafi, unguwa ta san ita ce. In ta zauna, sai ta tsaya taku biyu daga inda nake, ta ji ki sau shida a rana. Ita ta zaɓi zama. Ni kuma ba na taɓa rediyon."

"Ta san kin sani?"

"Ba ta sani ba. Kin ga wuyanta ai."

Corliss ta jingina da injin wankin. Wannan matar da ke gabanta, mai naɗe tawul tana magana a hankali, ba ita ce Danitar da ta bari ba, wadda ke kuka in an yanka kaza a gabanta. Ta san kuma wa ya taya aka mai da ita haka.

"Ba don in sani na tambaye ki ba," in ji Danita. "So nake in ji ko bakinki zai iya. Cleon namiji ne, ya yi abin da ya yi, zan ji da shi. Trenise ba cikinmu ɗaya ba. Amma ke, wata bakwai kina zaune a teburina, ina zuba miki abinci, kina kallon fuskata."

Hawayen da Corliss ke riƙewa tun shagon kaset suka zubo. Danita ba ta matso ba, ba ta kuma hana ta ba. Ta miƙo mata tawul ɗaya daga cikin waɗanda ba a naɗe ba.

"Ba zan rera ta yau ba," in ji Corliss cikin tawul ɗin. "Zan ce wa Mista Pruitt a cire ta. Ko ya kore ni, ya kore ni."

"Kar ki yi min wauta. Mutane sun sayi tikiti don ita, su Kiana kuma ba su yi min laifin komai ba. In kika ƙi rerawa a Memphis, gobe duk garin ya san dalili, a sake dawo da ni bakin mutane. Za ki rera ta daga farko har ƙarshe." Ta ɗan tsaya. "Sai dai abu ɗaya. In kin zo wajen nan na 'bar kukan', akwai abin da kike yi a talabijin, ki kashe ido ɗaya ki yi 'yar dariya. Kar ki yi shi a garin nan."

"To, Yaya."

"Danita!" aka kira daga cikin shago. "Ya fara cizo fa!"

Danita ta ciro sabuwar safar roba daga kwali, ta fara zura hannu.

"Za ki zo wasan?" Corliss ta tambaya.

"Ina da kai huɗu a layi."

"Imani fa? Tana lafiya?"

Imani ita ce 'yar Danita, shekararta tara. Corliss ce ta koya mata tsallen igiya.

Danita ta tsaya da hannu a kan mariƙin ƙofa.

"Sau biyu ana kirana zuwa makarantarsu kafin a yi hutu. Yara na zagaye ta a filin wasa suna tambayarta ina babanta ke zuwa ranar Talata. Ta fasa wa wata baki. Hotonki da ke bangon ɗakinta ta cire da kanta, ban ce mata komai ba." Ta dubi ƙanwarta ido cikin ido a karo na farko tun shigowarta. "Tana gida yanzu. Ita ma tana da tambaya, kuma ba ta da haƙurina. Ƙarfe nawa ake nemanki?"

"Biyar."

"To kina da awa ɗaya da rabi. Kin san hanya."

Ta buɗe ƙofa ta koma wajen aikinta. Corliss ta ji ta tana cewa, "Zo mu wanke, Anti, kafin ki kai ni ƙara."

Corliss ta goge fuskarta, ta bar tabaran a kan tebur. Ta fita ta ƙofar baya, ta bi lungun da ke ɓullewa layinsu. Rana na dukan kwalta, wani tsoho na ba furanninsa ruwa, ya ɗaga mata hannu ta ɗaga masa. Gida na shida ne a hannun hagu. Tun daga nesa ta hango yarinyar zaune a matakalar baranda, gwiwoyinta a haɗe, tana kallon mai zuwa. Ba ta taso da gudu ba.

Corliss ta rage sauri, amma ba ta tsaya ba.